Ranar da Sampa Ya Taɓa Kwaɗon Sito

Sampa Nkole ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin garin Chingola, rungume da injin huda dutse, yana haƙo tagulla don mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Ranar da aka sallame shi ya hawo da kunne ɗaya mai aiki, da tari, da hannun dama wanda in ka soka masa allura sai ya waiga yana neman sauro. Kamfani ya haɗa masa da takardar yabo. Matarsa ta liƙe fasasshiyar tagar kicin da ita, kuma a nan ne takardar ta fara amfani.

Bai koka ba, don ba mai magana ba ne. Wanda ya yi shekara da shekaru inda ƙarar inji ba ta barin mutum ya ji tarin kansa, da ka da yatsa yake hira, kuma da wannan hali Sampa ya dawo doron ƙasa. A wurinsa mutane iri biyu ne, mai yi da mai faɗi. Fasto mai faɗi ne. Shugabannin ƙungiyar ma'aikata masu faɗi ne. Kansila kuwa, ko faɗin ma aro yake yi.

Watannin farko na zaman gida ya gyara duk abin da ya lalace, sannan ya koma kan waɗanda ba su lalace ba. A ƙarshe ya gina wa matarsa, Maman Kasuba, sito a bayan gida, na bulo, ba taga. Ƙarƙashin rufin kwanon ya shimfiɗa ragar ƙarfe irin wadda ake tare rufin ramin haƙar tagulla da ita. Ƙofar ta ƙarfe ce, shi ya yi waldarta, ya ɓoye maratayanta ta ciki, ya yi wa mazaunin kwaɗo 'yar rumfar ƙarfe yadda almakashin ɓarawo ba zai sami wurin cizo ba. Kwaɗon da ya rataya ma ba na kasuwa ba ne. Wani ƙato ne irin wanda ake kulle ɗakin nakiyar fasa dutse da shi, ya biyo Sampa gida daga wurin aiki, kamar yadda kayan kamfani sukan bi mutum in sun shaƙu da shi. Makullinsa ɗaya tal, yana ƙulle a haɓar zanen Maman Kasuba. Duk baƙon da ya zo gidan sai an zagaya da shi ya ga ƙofar. Sampa ba ya yabonta. Guduma kawai yake miƙa maka.

Da gyare-gyare suka ƙare, zama ya fara cinsa. Abokan aikinsa da suka riga shi fitowa, wasu mashaya ta ɗauke su, wasu coci, wasu maƙabarta, wasu kuma duka ukun bi da bi. 'Yarsa Kasuba, wadda ke aikin jinya, ta ga inda aka dosa, ta sayo masa waya mai faffaɗar fuska ta ce ya riƙa kallon ƙwallo.

Bai kalli ƙwallo ba. Ya ci karo da wasu mutane da ba a nuna fuskarsu, sai hannuwansu a kan tebur, suna buɗe kwaɗo ba makulli, don jin daɗi kawai, ba don akwai abin ɗauka a bayansa ba. Su zura wani lanƙwasasshen ƙarfe a bakin kwaɗon su ɗan murɗa, su bi da siririyar ƙugiya suna ɗaga 'yan ƙusoshin ciki ɗaya bayan ɗaya, sai ka ga kwaɗo ya saki baki. Sampa ya ga 'yan'uwansa: hannu yana aiki, ba fuska, ba suna. Abu ɗaya ya ɓata masa rai, mutanen suna aiki suna surutu. Ya kashe sautin. Dama da Turancin hanci suke yi, kuma kunnen da ya rage masa bai ga dalilin ƙarar da shi a kansu ba.

Abin da suke ta nanatawa a wannan surutun bai wuce biyu ba. Mai koyo ya nemi ƙugiya ɗaya ta ƙarfen kirki da ƙarfen murɗawa, ya bar tarkace. Kuma kada ya kuskura ya gwada hannunsa a kwaɗon da ake amfani da shi. Sampa bai ji ko ɗaya ba.

Wata Asabar ya hau bas zuwa Kitwe. A cikin kasuwa, tsakanin masu gwanjon takalma da masu busasshen kifi, akwai wani mai tebur da ke sayar da cajar waya, da tocila, da maganin kyankyaso, da duk abin da ya faɗo daga motocin da ke shigowa ta kan iyaka. Ya dubi Sampa sama da ƙasa, ya tabbata ba ɗan sanda ba ne, don 'yan sanda ba sa ramewa haka, ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur.

Ya fara nuna masa wata 'yar jaka kamar ta allurar tela, ƙugiya biyu da ƙarfen murɗawa, ya ce waɗanda suka san abin, wannan suke saya. Sampa ya ɗora ta a tafin hannu, bai ji an ɗora komai ba. Sai ga babbar, baƙar jaka mai zik, in an buɗe ta kamar bakin kada. Akwai masu ƙugiya, akwai masu tudu-tudu, akwai masu kan maciji, akwai waɗanda ko maƙerinsu bai san amfaninsu ba, kowanne da ɗan gidansa. An haɗa da wani kwaɗon roba garai-garai wanda ake hango hanjinsa. A rami da nauyi ake gane kayan aiki, kuma ba a taɓa korar mutum don ya sauka da kaya fiye da kima ba. Sampa ya jinjina jakar, ya ji ta cika hannu. Bai lura ba cewa nauyin na zik ne da fatar bogi da kwaɗon roba. Ƙarafan kansu, uwarsu ɗaya da gwangwanin kifi.

Mai tebur ya sake cewa, "Baba, ƙaramar fa ta fi."

Sampa ya sa babbar a hammata. Ɗan kasuwar da ke kushe kayansa mai tsada, a ganinsa, akwai abin da yake ɓoye wa wani.

Maman Kasuba ta buɗe jakar a kan tabarma ta daɗe tana kallo. 'Yar ƙungiyar matan coci ce, mai farin ɗankwali ranar taro. Ta tambaye shi ko fanshon ne ya kasa har za a shiga sata da furfura, in kuwa haka ne to ya fara da gidan kansila. Ya ce wasa ne. Ta ce ta san wasan maza, da shi aka haifi rabin unguwar nan. Sannan ta kafa doka. Ya yi ta fama da na robarsa, amma ranar da ya taɓa kwaɗo ɗaya mai aiki a gidan nan, jakar za ta faɗa masai, shi kuma ya bi ta. Ita ma ba ta maimaita magana. Abin da ya haɗa su ke nan tun farko.

Shi kuwa kwaɗon roba ba shi da mutunci ko kaɗan. Ko tari ka yi kusa da shi buɗewa yake. Sampa ya tare a gindin mangwaro yana buɗewa yana rufewa, da wannan ƙarfe da wancan, kowanne ya ci. Ya murɗa da ƙarfi, ya buɗe. Ya danna kamar mai huda dutse, ya buɗe. Har ya fara ganin mutanen cikin waya ragwaye ne, abin da ake gamawa da dannawa ɗaya suna ta lallaɓa shi kamar ƙwai.

Ta kan shinge Maseko yake kallonsa. Maseko maƙwabcinsa ne, ɗan ƙabilar Ngoni daga gabas, Sampa kuwa Bemba ne. Kakanninsu sun yi yaƙi har suka gaji, suka ajiye mashi suka ɗauki baki. Tun daga nan ɗan Ngoni yana da izinin zagin ɗan Bemba a ko'ina, a biki, a ƙofar coci, a bakin kabari, shi kuma ya rama. Fushi ne kawai haramun. Su ce wa Bemba maciya biri, a ce musu maciya ɓera. Na ɓeran dai Maseko ba ya musu, har aiko masa ake yi daga ƙauye a busashe. A wurin aiki shi ne mai kejin da ke saukar da mutane rami, aikin da ba ya buƙatar komai sai danna ƙararrawa da baki, kuma bakin bai yi ritaya ba.

Aka sa ranar nuna wuta ta Kasuba a watan Oktoba, lokacin da kwanon rufi kan yi zafin da za a soya ƙwai a kai. Ranar ce matan gidan amarya za su dafa duk abin da ake ci a gidansu, su ɗora a ka da ganga da guɗa, su kai wa ango har gidan iyayensa, ya ga irin wutar da matarsa ta taso a gabanta. Dole abinci ya isa kafin rana ta karya, da zafinsa, kaji a jere. In ya makara, ko aka ga gurbin kaza, dangin ango ba za su ce komai ba a ranar. Sai su yi ta faɗa har amarya ta yi jika. Uban amarya ba shi da aiki a ciki, nasa kawai ya zauna nesa da murhu ya yi shiru. Ba a taɓa ba Sampa aikin da ya fi dacewa da shi ba, kuma shi ne ya gagare shi.

Tun asuba wake ke kan wuta. Gida ya cika da dangi, kuma Maman Kasuba ta san nata ta san na mijinta, don haka duk abu mai daraja yana sito: buhun garin masara, busasshen kifi, gyaɗa, tsutsar itace da ake soyawa a ci, sababbin kwanoni da murafensu, zannuwan anko, da kaji a kwando, har da jan zakaran da aka daɗe ana kiwatawa don ango. Da hantsi ta ga gawayi ba zai kai ba. Ta danna kwaɗo, ta ce in ta dawo a yanka kajin, ta ɗauki mata biyu suka nufi kasuwa.

Maseko ya tsallako shinge da gwangwanin hoda a aljihu, don biki na Bemba ba ya tashi sai ɗan Ngoni ya baɗe wani. Ya tarar da Sampa a gindin mangwaro cikin mazan dangi, da kwaɗon roba a cinya.

"Maci biri, har yanzu wannan da ke tsirara kake buɗewa? Abin da ya riga ya tuɓe maka?"

Sampa ya ce kwaɗo kwaɗo ne.

Maseko ya ce akuyarsa ma za ta buɗe wannan in ta ga dama, sai dai tana da aikin yi. Ya nuna sito da leɓe. "Ga namiji can a rataye. Ko sai maigidan ta dawo daga kasuwa ka nemi izini?"

Mazan suka yi dariya, har da wani surukin da ba a gama saninsa ba. Da wani ne ya faɗi wannan magana, da Sampa ya juya masa mataccen kunnen ya ci gaba da abin da yake yi. Amma maganar abokin wasa ba a barinta a ƙasa, shi kuma bai iya ramawa da baki ba. Da hannu kawai ya iya. Ya ɗauki jakarsa ya zagaya bayan gida.

Ya durƙusa gaban ƙofar da ya ƙera, ya zura hannu ƙarƙashin rumfar ƙarfen. A nan ya fara ganin bambanci, wannan ba a hango cikinsa. Ya sa ƙarfen murɗawa ya danne shi da babban yatsa yadda ya saba, ya zura ƙugiya. Ƙusoshin ciki suka ƙi motsi, don shi da kansa ya matse su. Game da abin da ya ƙi motsi kuwa, darasi ɗaya dutse ya koya masa. Ya ƙara ƙarfi. Hannun dama bai ji komai ba. Maseko da ya biyo shi ne ya ji, wani ɗan ƙas kamar an karya tsinken ashana. Sampa ya zaro ƙugiyar, babu kanta.

Maseko ya matso kusa. Suka girgiza kwaɗon, suka bubbuga, guntun ya ƙi faɗowa, ya gitta a ciki. Suna cikin haka aka ji muryar Maman Kasuba a ƙofar gida tana ba da umarni a kan gawayi. Sampa ya koma gindin mangwaro ya zauna a kan jakarsa.

Nan ne wurin da kalma ɗaya za ta yi aikin da guduma ba ta yi. Da ya ce mata kada ta sa makulli, da guntun yana nan kusa da baki inda hantsaki zai kamo shi. Ya buɗe baki, ya tuna da masai, ya rufe. Ta wuce shi ta kwance haɓar zane, ta zura makulli, ya tsaya a rabi. Ta ɗauka tsatsa ce. Ta dafa da tafin hannu ta danna da ƙarfin macen da ke tuƙa tuwon gayya. Guntun ya shige can ƙurya, makulli kuma bai ƙarasa ba.

Ta zaro makullin ta dube shi. Gida cike yake da mutane, amma ba ta dubi kowa ba sai mutum ɗaya.

"Baban Kasuba."

"Na'am."

"Zo."

Ya nuna mata ƙugiyar da ba kai. Ta ce maganarsu tana nan, sai an buɗe ƙofa.

Yayarsa Mwape, wadda ita ce uwar bikin, ta ce a fasa. Ita ta goye shi yana yaro, kuma ta sanar da jama'a cewa tun lokacin ta ji kansa ba nauyi. Aka kawo zarton ƙarfe, ya rasa ta inda zai shiga, da ya samu kuma ya yi ta zamewa har haƙoransa suka zube. Aka kawo gudumar nan da yake miƙa wa baƙi, ƙartin dangi suka yi ta dukan ƙofa, ƙofa ta yi abin da aka gina ta ta yi. Wani ya ce akwai mai injin yankan ƙarfe a layin baya, aka tuna masa wutar lantarki tun jiya ta tafi ganin gida. Wani ya hau sama ya ɗaga kwano ɗaya, ya tarar da raga, kaji suka sami iska kaɗan da rana mai yawa. Duk tanadin da Sampa ya yi wa ɓarawo, a kansa ya ƙare.

Da farko kajin suna ta kuka a ciki. Daga baya sai ɗaya-ɗaya. Ruwan tuwo ya tafasa ya ƙone, aka ƙara, ya sake tafasa, garin yana bayan ƙofa. Matan da aka tara don girki, da suka rasa abin dafawa, suka jawo ganguna suka zauna a inuwa suka ƙaga waƙa nan take, a kan tsohon da ya tafi Kitwe koyon sata, ya dawo ya fara da gidansa, gidan ma ya fi ƙarfinsa. Mwape ce mai bayarwa. Amshin ya yi daɗi har maƙwabta suka leƙo suna tafi.

Waƙar ba ta dame shi ba. Ta tagar ɗaki ya hango Kasuba, wadda al'ada ta hana magana a ranar, ta haɗa kai da gwiwa a bakin gado. Ita ta saya masa wayar.

Ya baje jakar gaban ƙofa ya bi ƙarafan ɗaya-ɗaya. Wannan ya yi kauri, wancan ya lanƙwashe tun a baki, mai kan maciji ya shiga ya ƙara tura guntun. A duk bakin kadan nan babu ɗaya da aka yi don ya fitar da ɗan'uwansa.

Maseko ya tsuguna kusa da kunnensa mai aiki. "Bawana, kai duk rami a wurinka na fasawa ne. Mu ramin da muka sani, da mai rai a ciki."

Ya ce ɓera in ya shige rami ba a zungurinsa, in ka zungura ciki yake ƙara yi. Siririyar waya ake samu, a yi mata ɗan ƙaya a kai, a bi jikin bango da ita a hankali har a wuce shi, sannan a juya ƙayar a jawo. Ya ce yaran ƙauyensu kafin su iya ɗaura wando sun iya wannan, amma mutanen da abincinsu ke kan bishiya ina za su sani. Bai jira amsa ba ya tsallaka shinge. Yana da wata tsohuwar mota da ta daɗe a kan bulo, kaji na ƙwai a kujerar direba. Ya fizge abin share gilashinta, ya zare siririn ƙarfen da ke cikin robar, ya dawo da shi.

Wannan ƙarfe ne na gaske, in ka lanƙwasa shi ya dawo. Sampa ya ɗauko magagari ya kafa shi a gwiwa. Nan dai ba a koya masa. Ya goge shi har ya koma kamar tsinken tsintsiya, ya fitar masa da ƙaya a kai wadda sai an shafa ake jin ta. Ya miƙa wa Maseko. Maseko ya ɗaga hannuwansa biyu ya nuna masa yadda suke rawa, ya ce waɗannan giya ta riga ta yi musu aure.

Sampa ya zura wayar da hannun dama. Maseko ya tambaye shi me yake ji. Ya ce ba komai.

"Wannan hannun kamfani ya saye shi ya cinye. Ina ɗayan?"

Hannun hagu bai taɓa riƙe maƙogwaron inji ba, aikinsa dafa ƙafar inji da share gumi. Sampa bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Ya mayar da wayar can, ya juya wa masu ganga mataccen kunnen, ya rufe ido. Sai ga shi yana jin cikin kwaɗon. Ga bango, ga wata 'yar kwana, ga ƙusa ta farko tana lotsawa tana dawowa, ga ta biyu. Ya yi wata da watanni yana kallon irinsu ta cikin roba, bai taɓa jin su ba sai yau. Can ciki ya taɓa wani abu da ba ya lotsawa. Ya bi gefensa, ya wuce shi, ya juya ƙayar, ya jawo. Ta zame. Ya sake, ta sake zamewa. Kafaɗarsa ta tashi za ta yi abin da ta saba, Maseko ya dafa ta ya ce ɓera ba ya son a nuna masa ana jin yunwa.

Bai san iya lokacin da ya ɗauka ba, ya dai san gwiwoyinsa sun mutu. A wani jan sai ya ji nauyi ya biyo wayar, ɗan kaɗan, kamar an rataya mata ƙuda. Ya riƙe numfashi, tarin ma ya yi masa kara ya jira. Wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya faɗo a tafin hannunsa.

Ya dubi kwaɗon. Bakinsa a share, ga waya a hannu, ga yatsu sun farka. Zuciyarsa ta ce yanzu kam zai iya. Maman Kasuba ta ture shi da ƙugu, ta zura makulli ta murɗa. Kwaɗon da ya jawo duk wannan, da makulli aka buɗe shi, kamar kowane kwaɗo.

Zafi ya bugo daga ciki kamar an buɗe tanda. Jan zakara yana kwance baki buɗe, ido ya fara juyewa. Mwape ta yi kiran wuƙa, wuƙa ta riga mutuwa da kaɗan. Kaza ɗaya dai ta riga ta tafi. Maseko ya ɗauke ta ta ƙafa ya ce mushen Bemba rabon Ngoni ne, ya tsallaka shinge da ita. Jim kaɗan ya dawo da wata mai rai, daga cikin masu ƙwai a kujerar direba, ya jefa wa matan, ya ce ba zai bari a je a ce maƙwabtansa matsiyata ne ba, ko da yake su ɗin ne.

Sannan ya ciro gwangwanin hoda ya juye shi kaf a kan Sampa. Matan suka ga hoda ba ta isa ba, suka ƙara da garin masara. Haka ya koma gindin mangwaro ya zauna, fari fat kamar wanda aka tono, yana kallon tukwane suna hawa wuta, ana tuƙa tuwo da gudu. Da aka jera kwanoni a ka, aka ɗaure su da zannuwa, ganga ta yi gaba, rana ta ɗan karkata amma ba ta karya ba. Kasuba ta leƙo ta taga ta ga ubanta, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Wannan karon ba kuka ba ne. A gidan ango an ce an ɗan jira su. Mwape ta ɗora wa masu wutar lantarki laifin, kowa ya yarda, don ba a taɓa yi musu ƙarya ta zama ƙarya ba.

Washegari da safe Maman Kasuba ta cika alkawari. Ta ɗauki baƙar jaka mai zik ta nufi masai, aka ji faɗawarta. Sai dai fanko ce, don matan biki sun riga sun rabe ƙarafan. Wata tana tsagar kitso da nata, wata tana zura roba a ƙugun siket, Mwape tana sakace da mai kan maciji, ta ce ba ta taɓa samun wanda ya kai shi ba. Saura rabin hukuncin, na shi ya bi ta. Maman Kasuba ta ce ta ɗage wannan sai bayan ɗaurin aure. An ɗaura aure, an yi suna, har yau ba ta ce ta yafe ba.

Sampa bai koma Kitwe ba. Motar Maseko ta rasa ɗayan abin share gilashin, aka fitar da ƙugiya ɗaya da ƙarfen murɗawa ɗaya, suna zaune a gwangwanin hodar nan. Yakan bi masu gwangwan ya tsinto tsofaffin kwaɗuna da makullansu suka ɓata, ya zauna gindin mangwaro da hannun hagu. Na farko ya ci masa damina guda kafin ya saki. Da ya saki bai gaya wa kowa ba, ya rataye shi a shingen Maseko a buɗe. Yanzu kwaɗunan sun yi yawa har shingen ya fara sunkuyawa. Sautin waya kuma ya kunna shi, ko da yake yana nan a kan cewa rabin abin da suke faɗa surutu ne.

Kwanan baya wani malamin makaranta da ya yi ritaya ya zo ya same shi, ya ce shi ma zaman ya ishe shi, yana so ya fara, wace jaka zai saya, don ya ga wata babba mai zik. Sampa ya buɗe gwangwani ya ɗora masa ƙarfe biyu a tafin hannu. Malamin ya jinjina, bai ji nauyi ba, ya tsaya jiran bayani. Maseko ta kan shinge ya ce kada ya wahalar da kansa, wannan sai ranar biki yake magana, ita ma bayan an makara.

Sampa ya yi tari, ya dubi sito, ya dubi malamin.

"Kada ka taɓa na matarka," ya ce.